Oppenheimer: Wa Ya Tuna Da Mai Lalube A Duhu?

Yawancin waɗanda suka yaba fim ɗin Oppenheimer (2023) na Christopher Nolan, kyan hoton suka yaba. Mai ɗaukar hoton ma, Hoyte van Hoytema, har Oscar ya samu a 2024. To amma wa ya tuna da yaron da ke ɗura wa kyamarar fim?

Kyamarar IMAX ba kati take ci ba, zaren fim ne mai faɗin milimita 65, kuma naɗi guda mai tsawon ƙafa 1,000 bai wuce minti uku ya ƙare. Da haske ya ɗan taɓa shi, shi kenan, an yi asara. In babu ɗakin duhu a kusa, wani ɗan baƙin tanti ake kafawa mai hannun riga biyu. Mutum ya zura hannuwansa ya yi ta lalube, ido bai ganin komai. Ga gumi, ga ƙura, wadda ƙwaya ɗaya ta isa ta karce fim. Duk wanda ya riski masu hoton nan-take na bakin kasuwa, masu zura hannu cikin akwati, ya san aikin.

Wahalar ta biya a kan fuskar Cillian Murphy, har jijiyar idonsa ana gani. Sai dai a ganina Nolan ya ɗan yi almubazzaranci. Kaso mai tsoka na fim ɗin zaman kwamiti ne a ƙuntataccen ɗaki, ana ta musu. Mu kuma nan, galibi a waya muka kalle shi.