Saɓani Tsakanin Editocin Wikipedia ta Hausa: Tsokaci Daga Mubi

Tun da aka kafa Wikipedia a 2001, ƙa'idarta ita ce kowa na iya gyara abin da wani ya rubuta. A sashen Hausa, wannan 'yanci ya farfaɗo da tsohuwar muhawara game da daidaitacciyar Hausa.

Saɓanin da ake gani a tsakanin editocin sa kai iri biyu ne. Na farko ya shafi ƙa'idojin rubutu. Duk da tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980, har yau ɗan Nijeriya 'ya'ya yake rubutawa, ɗan Nijar kuwa ƴaƴa. Na biyu ya shafi karin harshe. A nan Mubi, inda aiki ya kawo ni, Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Fulani da Gude da Fali da Margi, kuma da yawansu ba sa bambanta jinsin namiji da tamace yadda Bakano yake yi. Idan ɗayansu ya rubuta tarihin garinsu, edita ya share saboda kuskuren nahawu, an tsare ƙa'ida amma an yi asarar ilimi.

A ganina, aikin edita shi ne ya gyara jimla, ya bar bayanin, sannan ya faɗi hujjarsa a shafin tattaunawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya san nahawu yana bukatar wanda ya san Mubi.