Kacici-kacicin Talabijin da Tarihin Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa: Sharhi Daga Kano

1.0 Gabatarwa

Daga cikin shirye-shiryen da talabijin ya zo da su akwai na kacici-kacici, inda ake zaunar da mutum gaban jama'a, a yi masa tambayoyi, in ya ci a ba shi kyauta. A Amurka akwai Jeopardy!, wanda aka fara a 1964, a Ingila kuwa aka ƙago Who Wants to Be a Millionaire? a 1998, aka kuma fara yin irinsa a Nijeriya a 2004. Wani fanni da ake yawan ɗebo tambayoyi daga cikinsa, musamman a Amurka, shi ne tarihin wasan kwaikwayo mai waƙa, watau wasan da ake yi a kan dandamali, ana haɗa zance da waƙa da rawa domin isar da labari guda.

Wannan maƙala za ta duba irin ilmin da waɗannan tambayoyi suke bayarwa, da wanda suke ƙyalewa, sa'an nan ta auna abin da zai sami wasannin Hausa in aka ɗora su a kan wannan ma'auni. An zaɓi a yi duban ne daga unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Chalawa, saboda dalilan da za su zo a gaba.

2.0 Abin da Tambaya Take So

Kacici-kacicin talabijin yana son amsa guda ɗaya, gajera, wadda ba a gardama a kanta: sunan mutum, ko shekara, ko adadi. Wasan waƙe na Turai ya dace da wannan buƙata ƙwarai, domin kowane wasa yana da marubuci da mai tsara kiɗa, da daren da aka fara nuna shi, da faifan da aka ɗauka. Alal misali, an san cewa an fara nuna Show Boat a 1927, an fara Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein a 1943, sa'an nan The Phantom of the Opera ya zauna a gidajen wasa na Burodwe a birnin Niyok daga 1988 zuwa 2023, aka nuna shi fiye da sau 13,000. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya haddacewa ko da bai taɓa shiga gidan wasa ba.

To, a nan ne matsalar take. Abin da ya sa manazarta suke girmama Oklahoma! shi ne yadda aka saƙa waƙa da rawa cikin labarin, har ya zama in an cire waƙa ɗaya labarin zai sami giɓi. Kafin lokacin, galibin wasannin sukan tsayar da labari ne a yi waƙa domin nishaɗi, sa'an nan a koma inda aka tsaya. Wannan shi ne jigon tarihin fannin, amma ba ya shiga cikin amsa mai kalma ɗaya. Saboda haka mai shiri yakan tambayi shekarar, ya bar dalilin da ya sa shekarar ta zama abin tunawa. Mai kallo kuwa sai ya tashi da ɓawo, ƙwayar tana can an bar ta.

Ya kamata a kwatanta wannan da kacici-kacici na gargajiya. A wajen Hausawa, amsar tana cikin tambayar, an lulluɓe ta da siffantawa, kuma da tunani ake gano ta. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa, ya warware masa, kowa ya ga yadda siffar ta dace da abin. Watau ko wanda ya faɗi yakan tashi da ƙarin fahimta. A talabijin kuwa amsar tana waje, a cikin wani littafi ko kundin ajiya. Wanda bai taɓa cin karo da ita ba, kome kaifin hankalinsa, ba shi da hanyar kaiwa gare ta sai canke. Sunan ɗaya ne, amma aikin da suke sa ƙwaƙwalwa ya bambanta.

3.0 Me Ya Kawo Masana'antu Cikin Zancen?

Akwai dalilai uku. Na farko, a waɗannan unguwanni ne wasu manyan kafofin watsa labarai na Kano suke zaune: gidan talabijin na tarayya, NTA Kano, yana kan titin Bompai, gidan rediyon Freedom kuma, wanda ya fara aiki a 2003, yana Sharaɗa. Na biyu, shirin da ake ba da kyauta a cikinsa yana buƙatar mai ɗaukar nauyi, kuma masu sayar da kaya ne suka saba ɗaukar irin wannan nauyi domin talla. Mai talla yana son shiri mai sauri, mai sa zuciya ta buga, wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba. Tambayar da ke buƙatar dogon bayani ba ta biya masa buƙata.

Dalili na uku shi ne jama'a. Bompai ce ta girmi sauran, Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya. Masaƙu da kamfanonin jima da na robobi da na alewa sun tara dubban ma'aikata daga ƙauyuka da sauran sassan ƙasa, mutanen da suke da albashi da lokacin tashi daga aiki. Irin waɗannan mutane suna cikin masu cika gidajen silima na Kano, kamar Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, inda finafinan Indiya suka yi kaka-gida. Da masana'antu suka fara durƙushewa, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wutar lantarki da shigowar kayan waje, sai matasa da yawa suka nemi wata sana'a, kuma a wannan zamani ne sana'ar finafinan bidiyo ta tsiro. Ke nan tarihin wasan waƙe a Kano yana da alaƙa da tarihin ma'aikata.

Akwai ma wani misali da ya riga wannan. Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyar wasan waƙe ta Yarabawa a tsakiyar shekarun 1940, ya shirya wasa mai suna Bread and Bullet a kan harbin da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi wa masu haƙar kwal a Inugu a watan Nuwamba na 1949, inda aka kashe mutum 21. Da ya kawo wasan Kano a farkon shekarun 1950, hukuma ta hana shi. Mai kacici-kacici zai iya tambayar sunan wasan. Amma tambayar da ta fi amfani ita ce: me hukuma ta ji tsoro a cikin waƙa da rawa, a garin da ya fara tara leburori?

4.0 Wasan Waƙe na Hausa

In aka ɗauki ma'anar da aka bayar a sama, watau haɗa kwaikwayo da waƙa da rawa domin isar da saƙo, Hausawa sun daɗe da nasu. Babban misali shi ne tashe, wanda yara da matasa suke yi daga goma ga watan azumi. A cikinsa akwai shiga ta musamman, kamar gemun auduga da tsummokara da sanda. Akwai jagora da 'yan amshi. Akwai hali da ake kwaikwaya. A Tsoho da Gemu ana nuna raunin tsufa da haƙƙin da tsoho yake da shi a kan jama'a. A Jatau Mai Magani ana kwaikwayon mai tallar magunguna, yana lissafa kayansa, 'yan amshi suna karɓa masa. A Mairama da Daudu 'yan mata suna nuna zaman aure da ladubbansa. Akwai kuma wasan malamin da ake zargi da yin rawa, yana musu da baki alhali ƙafarsa tana takawa, wanda zambo ne a kan mai faɗin abin da ba ya aikatawa. A Kano, Nalako, Sarkin Gwagware, shi ke jagorantar tashen gwauraye har zuwa ƙofar fada.

Abin lura shi ne, a tashe waƙar ita ce zancen. Da ita ɗan wasa yake bayyana kansa, da ita 'yan amshi suke tuhumarsa ko su goya masa baya. In aka cire ta babu abin da zai rage sai yaro da gemun auduga. Watau saƙa waƙa cikin labari, wanda ake yaba wa wasan Amurka na 1943 da shi, shi ne tushen ginin tashe, ko da yake tashe gajere ne, ba ya da dogon zaren labari mai shiga da fita. Haka kuma 'yan kama, masu juya wa'azi da waƙoƙin manyan makaɗa su mayar da su kan abinci, da 'yan gambara, da wasan gauta na matan fada, da kalankuwa ta samarin karkara bayan kaka, duk suna da rabonsu a wannan fage.

Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da yake da marubuci sananne, ko daren farko, ko adadin nunawa. Mai shirya tambaya ba zai sami inda zai kama ba. Abin da zai samu shi ne rubutaccen wasa: wasanni shida da R. M. East ya fitar a shekarun 1930, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, da Shaihu Umar wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa aka buga a 1975, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, amma galibinsu zance ne ya rinjaya a cikinsu. Ɗalibin da ya san tarihin wasan Hausa ta wannan jeri kaɗai zai ɗauka cewa an fara shi ne da zuwan boko, kuma waƙa baƙuwa ce a cikinsa.

5.0 Waƙa a Finafinan Kano

Wannan kuskuren fahimta ya yi tasiri a kan muhawarar da aka daɗe ana yi game da finafinan Hausa. An fara su da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Sangaya ya yi tashe, waƙa da rawa tsakanin saurayi da budurwa, da kiɗan fiyano, sun zama dokar kasuwa. Ba a musun cewa daga Indiya aka ɗauko salon. Indiyawa su ma sun gaje shi ne daga wasannin dandamali nasu, tun fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931. Suka ya yi yawa, har aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001.

Masu suka da masu kariya sun fi tsayawa a kan ko a yi waƙa ko kada a yi. Tambayar mai tarke dabam ce: wane aiki waƙar take yi a cikin labarin? A finafinai da yawa labari yakan tsaya cik, a sake tufafi, a tafi lambu a yi waƙa, a dawo. Ana iya ɗauke waƙar a sa ta a wani fim ba tare da an lura ba, kuma sau da yawa ita ce ake fara tallatawa domin ta sayar da fim ɗin. In aka auna da ma'aunin tashe, wannan koma baya ne, domin tashe bai taɓa raba waƙa da hali ba. Laifin ba na waƙa ba ne. An ari tsarin da ya raba ta da labari, aka bar na gida wanda ya haɗa su. Kacici-kacici kuwa, da yake sunan jarumi da na mawaƙi da shekarar fitowa kaɗai yake iya tambaya, sai ya daidaita fim mai waƙar da ta zauna daram da wanda aka liƙa masa ita.

6.0 Kammalawa

Ba a cewa kacici-kacicin talabijin ba shi da amfani. Yana sa yara son sani, yana kuma tilasta wa masu shiri su tabbatar da sunaye da shekaru, abin da nazarin adabin Hausa yake buƙata matuƙa. Illarsa ita ce yana sa a ɗauka cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Gyaran yana hannun ɓangarori biyu. Manazarta a jami'o'i, da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, su ne za su ɗauki wasannin tashe da na 'yan kama a hoto da murya, unguwa unguwa, tare da rubuta wuri da shekara da bambancin da ke tsakanin na wannan gari da na wancan. Haka kuma ya kamata a nemo tsofaffin faya-fayen wasannin da gidajen talabijin na Kano suka yi, a adana su kafin su lalace. Masu shirye-shirye kuma suna iya sake fasalin tambaya: a nuna guntun wasa, a tambayi ɗalibi wane hali ake kwaikwaya, da abin da amshi yake yi wa jagora, da abin da zai ɓace in an cire waƙar. In ya kasa, a bi al'adar gargajiya, ya ba da gari, a warware masa a gaban masu kallo. Kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Chalawa da suka rage suna aiki, in za su ɗauki nauyin shiri, irin wannan ya fi cancanta, domin 'ya'yan ma'aikatansu na cikin masu fitowa tashe kowace shekara idan azumi ya kai goma.