Jinjina Ga Masu Karɓar Sautu

Matar da za ta Kasuwar Yankaba ta leƙa maƙwabta tana tambayar mai sautu ta cancanci jinjina. Ita ke riƙe wa ya ce tattasai, wa ya ce daddawa, ta yi ciniki kamar kuɗinta ne, ta dawo da canjin kowa a ƙulle daban, ko sisi ba ta karɓa. Wasu za su ce ai hanyarta ce, me ta rasa? Amana ta ɗauka, kuma in kaya suka yi tsada ita ake kallo. Ba don irinta ba, da mai jego da tsohuwar da ƙafa ta gaza sun wuni babu cefane. In ta dawo, a tare ta da sannu da ruwan sanyi.