Yadda Ake Ɗaukar Darasi a Zauren Malam

A garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, kudu da Sennar a bakin Shuɗin Nilu, inda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira, mutanenmu sun zo da wata irin makaranta wadda ba a biyan ko sisi. Karatun zaure ke nan, na manya waɗanda suka wuce allo. Malamin ba ya karɓar albashi. Gonarsa ta dawa ce ke ci da shi, ko hawasha, wato yankin gonar noman rani irin wanda aka rarraba bayan kammala madatsar Sennar a 1925.

Kayan aikin ba su da yawa: buzu, tabarma, da gafaka, jakar fatar da ake adana littafi. Da an idar da Asuba sai ɗalibai su zauna, kowa da nasa littafin. Mafari yana Ahalari, na gaba da shi Ishmawi ko Iziyya, wanda ya yi nisa yana Risala ta Ibn Abi Zaid, ƙwararre kuma Muhtasar na Halilu. Duk fiƙihun Malikiyya ne, mazhabar da Sudan ma take bi, shi ya sa tsarin bai yi baƙunta ba.

Wanda layi ya zo kansa sai ya matso, ya ce "Allah ya gafarta malam", ya ja baƙi, wato ya karanto Larabcin. Ba ya zarcewa. Kalma biyu ko uku, sai ya dakata. Malam ya fassara da Hausa ko Fillanci, sau da yawa ba tare da ya leƙa takarda ba. Kunnensa na kan wasali: in ɗalibi ya sa rufu'a inda fataha ta dace, wanda aka yi wa aiki ya koma mai aikatawa, hukunci ya juye, nan take malam zai maido da shi. Gwanintar da ta fi burge ni ita ce awo. Ya san mai ɗaukar shafi guda, ya san wanda layi uku sun ishe shi, kuma yakan tsayar da karatu daidai inda mas'ala ta cika. Daga nan ya juya ga mai Ajurumiyya a nahawu, kamar dama can ita yake jira.

Masu jiran layi ba zaman banza suke ba, domin mai Ahalari yana sauraron Risala tun shekaru kafin ya buɗe ta. Da hantsi, lokacin da wasu ke kan kofi na biyu na gahawa a inuwa, mai Ahalarin yana gaban wani babban ɗalibi yana bita, kafin ya ɗauki fartanya. Wannan babban ɗalibin, in malam ya gamsu da shi, zai ba shi izini ya shimfiɗa nasa buzun a wani ƙauye.