Hannun Tsangaya da Hannun Boko: Sharhi kan Zanen Haruffa a Birnin Kudu da Gwaram

Idan marubuta suka taru, zancensu jigo da salo da warwarar labari. Ba kasafai ake jin wani ya ɗaga maganar siffar harafin da ya ɗauko labarin ba, alhali shi ne mai karatu ke fara gani a bango kafin ya zaro kuɗinsa. Wannan ya sa muka ga ya dace mu dubi hannu biyu da ke rubutu a yankinmu, na tsangaya da na boko, mu auna su.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Birnin Kudu har ya gangara Gwaram, ya karanta allunan shaguna da jikin manyan motoci, zai ga masu fenti sun iya ƙawata harafi: a yi masa inuwa, a kumbura masa ciki, a karkata shi. Ba mu raina wannan fasaha ba. Inda muke da ja shi ne lanƙwasa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 lokacin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, su ne farkon abin da mai fenti ke yarwa idan ya shiga ado. Sai baƙi ya koma baki, ƙafa ya koma kafa. Bangayen littattafan Kano na shekarun 1990, da yawansu zanen hannu ne, kuma wasunsu ba su tsira daga wannan ba. Zuwan kwamfuta bai warkar da ciwon ba, domin yawancin haruffan ado da ke cikinta ba don Hausa aka ƙera su ba.

To, mu juya tsangaya. A nan ne, a ganinmu, ake koyar da hannu da gaske, kuma cikin wasa. Yaro na fara babbaƙu ake raɗa wa kowane harafi suna daidai da surarsa: ba guje, ta kuri, mim jaye, lam ara. Sunan kansa darasi ne, yana gaya wa hannu inda zai ja da inda zai naɗe. Allo kuwa ba ya riƙe laifi. A rubuta, a wanke, a sake, ba asarar takarda, ba jan biro na malami. Almajiri da kansa yake feƙe alƙalaminsa na gamba, don haka tun yana ƙarami ya san faɗin bakin alƙalami ne ke ba harafi kauri. Ya san tawadar gawayi da ƙaro ta allo ce, ta bagaruwa kuma ta takarda ce. In ya kai ga rubuta Alƙur'ani, launi ma aiki yake yi: baƙi na harafi, ja na wasali, rawaya na hamza. Ga kuma tsarin Magaribi da ya gada, inda ake sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya taɓa ajiye hannun Barno kusa da kakkauran hannun Kano irin na marigayi Sharif Bala Gabari ya san salo ba ɗaya ba ne. Abin lura, duk ƙawar zayyana, ba a yarda ado ya cinye ɗigo guda ba. Wannan horon ne mai fenti ya rasa.

Sai dai tsangaya ma tana da iyakarta. Kwaikwayo take so, ba ta cika ba yaro damar ƙirƙiro nasa salon ba. Makarantar boko kuwa ta tsaya a littafi mai layi ja da shuɗi na firamare, daga nan ta saki hannun yaro. Mu da ke gyaran takardun jarrabawa a sakandare mun san sakamakon.

Abin da muke gwadawa a aji ba shi da tsada. A ba ɗalibi kalma guda, misali ƙuda, a ce ya rubuta ta sau biyar: da alli kwance, da alƙalamin kara, da biro biyu a haɗe, siririya, sannan mai ƙiba, da sharaɗin lanƙwasar ƙ ta fito kowane karo. Ko a ce ya rubuta doguwa ta yi tsawo, gajera ta tsuguna. Yaran da suka yi allo da safe sukan fi saurin kamawa, musamman in aka ce su raɗa wa haruffan boko suna yadda aka yi wa na ajami. Dariya ake yi, amma hannu na faɗawa.

Garin da ke da zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude bai kamata a koya masa darajar zane ba. Muna roƙon reshen ƙungiya ya ware fili a fitowa ta gaba, mambobi su aiko da sunan littafinsu rubuce da hannu, a buga yadda yake, a kuma gayyato alaramma guda da mai fenti guda su yi alƙalanci.