Tauraruwar Da Ba a Wanke Ta Ba: Nazari a Kan Modesty Blaise

Manazarta adabi sun saba raba taurarin labari gida biyu, na kirki da mugaye. Amma akwai rukuni na uku, wato tauraron da hannunsa ba shi da tsabta, duk da haka mai karatu yake bin bayansa. A cikin labaran zane, waɗanda ake bayarwa da hotuna da 'yan kalmomi, ba mu ga wadda ta cika wannan siffa kamar Modesty Blaise ba.

Baturen Ingila Peter O'Donnell ne ya ƙage ta, Jim Holdaway kuma ya fara zana ta. Labarin ya fara fitowa a jaridar Evening Standard ta Landan a 1963, ya ci gaba har 2001. Daga baya kamfanin Titan Books ya tattara shi cikin littattafai. Marubucin ya bayyana cewa tushen tauraruwar wata yarinya ce 'yar gudun hijira da ya gani ita kaɗai a Farisa a 1942, lokacin da yake soja.

A cikin labarin, Modesty ta tsere daga sansanin 'yan gudun hijira a Girka tana ƙarama, ba ta ma san sunanta ba. Ta yi yawon ƙasashe a ƙafa, wani dattijon malami mai suna Lob ya koya mata karatu da harsuna. Da ta isa Tanja ta Maroko, sai ta zama shugabar wata ƙungiyar ɓarayi. Ta tara dukiya, ta ajiye sana'ar tana da ƙuruciyarta, ta koma Ingila da zama. Daga nan ne labarin ya soma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne marubucin bai wanke ta ba. Kuɗin da take ci na sata ne, ita ta sani, mai karatu ma ya sani. Ba ta zauna tana kukan nadama ba, ba a kuma ɗaura mata aure don a nuna ta shiryu ba. Abin da ya raba ta da mugayen labarin shi ne iyakar da ta shata wa kanta: tun tana shugabar ɓarayi ta haramta wa yaranta fataucin miyagun ƙwayoyi da safarar mata. Ita da ta san abin da ake yi wa marar gata, ba ta yarda ta ci abinci da shi ba. Ko Sir Gerald Tarrant, babban jami'in leƙen asiri da ke neman taimakonta, roƙonta yake yi, don ba albashinsa take ci ba.

Abu na biyu shi ne zamanta da Willie Garvin, gwanin jifa da wuƙa, wanda ta fitar daga kurkuku a Saigon ta ba shi aiki. Yana kiran ta Gimbiya, yana bin umarninta ba tare da jin an ƙasƙantar da shi ba. Shekara 38 ana labarin, amma ba a taɓa mayar da amincinsu soyayya ba. Wannan dauriya ce ta marubuci, domin hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa su.

Ta fuskar salo, zanen Holdaway ya fi burge mu. Yakan nuna fushinta ko tunaninta da ɗan karkata ido kawai, ya rage wa kalmomi aiki. Bayan rasuwarsa a 1970, Enrique Romero ɗan ƙasar Sifen ya karɓa. Zanensa na da kyau, sai dai ya fi mayar da hankali ga surar jikinta, har a wasu wurare tsiraici ya yi yawa. A ganinmu wannan rauni ne babba: macen da aka gina a kan basira, sai ga shi an mayar da ita abin kallo. Saboda haka ba kowane kundi ne malami zai miƙa wa ɗalibi ba tare da ya tantance ba.

Darasin da ke nan ga marubutanmu a fili yake. Mun yarda Gizo ya yi wayo a tatsuniya, mun yarda Alhaji Imam da Malam Zurƙe su yi ta damfara a Ruwan Bagaja, muna dariya. Amma da zarar tauraruwa mace ce, sai mu ce lallai ta zama mai haƙuri marar aibi, ko kuwa muguwar kishiya da za ta gamu da sakayya a babin ƙarshe. Mace mai laifi a baya, mai hankali, mai iyakar da ba ta ƙetarewa, ba ta da yawa a littattafanmu. Ba muna cewa a kwaikwayi Modesty ba ne, domin ɗabi'unta na wata al'umma ne. Muna cewa ne a bar tauraruwa ta zama mutum, da alherinta da tabonta, a kuma bar mai karatu ya yanke hukunci da kansa.