Masu Kallo a Matsayin Manazarta: Tsokaci a Kan Ƙorafe-ƙorafen da Suka Biyo Bayan Wasan Game of Thrones

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara koyon nazarin adabi yakan ɗauka cewa feɗe littafi ko wasan kwaikwayo aikin malamai ne kawai. Alhali kuwa duk wanda ya saurari labari har ya ce “wannan wuri bai yi ba”, to ya riga ya sa ƙafa a fagen nazari, ko da bai san sunan abin da yake yi ba. Abin da ya rage shi ne a tambaye shi hujja. Wannan takarda za ta duba ce-ce-ku-cen da ya ɓarke a shekarar 2019, lokacin da aka kammala wasan talabijin na almara mai suna Game of Thrones. Manufarta ita ce a tace ƙorafe-ƙorafen masu kallo, a ware aya da tsakuwa, wato a gane wanne ne ya taso daga rauni a rubutu, wanne ne kuma ya taso daga son zuciyar mai kallo.

2.0 Taƙaitaccen Bayani a Kan Wasan

Gidan talabijin na HBO da ke Amurka ne ya nuna wannan wasa daga 2011 zuwa 2019, cikin zango 8 masu ɗauke da kashi 73. David Benioff da D. B. Weiss su ne suka jagoranci rubutawa da shiryawa. Tushen labarin kuwa jerin littattafan George R. R. Martin ne, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996, na biyar kuma a 2011. Har aka gama wasan littafi na shida bai fito ba. Saboda haka tun daga zango na shida, a 2016, mashirya suka wuce inda littattafan suka tsaya, suka ci gaba da ƴan bayanan da marubucin ya ba su game da ƙarshen labari, sauran kuma suka cike da nasu.

Labarin ya ginu a kan gwagwarmayar gidajen sarauta na wata ƙagaggiyar nahiya, Westeros, domin hawa karagar ƙarfe, a daidai lokacin da rundunar matattu ke tasowa daga arewa. Zanguna shida na farko kowanne kashi 10 gare shi. Na bakwai ya sauko zuwa 7, na takwas kuma 6. A riƙe waɗannan alƙaluma, domin za su yi amfani a gaba.

3.0 Abin da Masu Kallo Suka Ce

An nuna kashin ƙarshe ranar 19 ga Mayu, 2019, kuma mutum miliyan 19.3 ne suka kalle shi a daren a kafofin HBO. Amma tun kafin wannan rana wata takardar koke ta fara zagayawa a shafin Change.org, tana neman a sake shirya zango na takwas da ƙwararrun marubuta. Cikin kwanaki kaɗan masu sa hannu suka haura miliyan ɗaya, daga baya suka wuce miliyan 1.8. HBO ba ta sake komai ba. A wannan shekarar ma wasan ya lashe lambar Emmy ta wasan kwaikwayo mafi fice.

Idan aka tattara ƙorafe-ƙorafen za a ga sun kasu gida uku. Akwai na rikiɗewar halayen taurari, musamman Daenerys Targaryen da Jaime Lannister. Akwai na gaggawa da karya dokokin da labarin ya shimfiɗa wa kansa. Sannan akwai na sakacin aiki, kamar duhun da ya rufe yaƙin kashi na uku, da kofin gahawa na zamani da aka manta a kan tebur a kashi na huɗu. Na ukun abin dariya ne kawai ga manazarci, don haka za mu bar shi, mu fuskanci biyun farko.

4.0 Daenerys: Alamtawa Daban, Gina Hali Daban

A kashi na biyar na zangon ƙarshe, birnin King's Landing ya miƙa wuya, an kaɗa ƙararrawar sallamawa. Duk da haka Daenerys, tana bisa dodonta mai aman wuta, ta bi unguwa-unguwa ta ƙone birnin da talakawan da ke ciki. Wannan ita ce tauraruwar da aka shafe shekara takwas ana nuna ta tana ƴanta bayi.

Masu kare marubutan sun ce ai an daɗe ana alamta haka, kuma suna da hujja. A zango na farko ta ƙone Mirri Maz Duur da ranta. A na huɗu ta gicciye iyayengijin bayi 163 a birnin Meereen, ramuwa ga yara bayi 163 da aka gicciye a kan hanyarta. A na shida ta ƙone shugabannin Dothraki, a na bakwai kuma Randyll Tarly da ɗansa Dickon saboda sun ƙi durƙusa mata. Ga kuma mahaifinta, Aerys, wanda ake kira mahaukacin sarki.

To amma a lura da abu guda. Duk waɗannan da aka lissafa abokan gaba ne, ko waɗanda take ganin sun cuce ta ko sun cuci marasa ƙarfi. A zango na huɗu, da aka kawo mata ƙasusuwan yarinya guda da dodonta ya ƙone, sai ta ɗaure sauran dodanninta biyu da sarƙa a ƙarƙashin ƙasa, alhali tana kiran su ƴaƴanta. Tsakanin matar da ta yi haka domin yarinya ɗaya da matar da ta hallaka dubban yara bayan an sallama mata, akwai tafiya mai nisa. Ana iya yin wannan tafiya a labari, sai dai dole mai kallo ya ga kowane zango nata. Abin da aka ba shi kuwa jerin masifu ne a ƙurarren lokaci: Jorah ya mutu a kashi na uku, an harbo dodonta Rhaegal kuma an fille kan aminiyarta Missandei a na huɗu, Varys ya ci amanarta kuma Jon Snow ya ja baya daga gare ta a na biyar. Dalilan sun wadatar, amma an jibge su ne kamar kayan da aka sauke daga mota, ba a ba ko ɗaya lokacin yin aiki a zuciyarta ba. Daɗin daɗawa, daga lokacin da ta fara ƙone birnin kusan ba a sake nuna fuskarta ba har kashin ya ƙare. Ke nan a daidai inda ake bukatar shiga zuciyar tauraruwa, a nan aka rufe ƙofa.

Sai mu kwatanta da abin da aka fi sani da Jan Biki, a zango na uku, 2013, inda aka yi wa Robb Stark da matarsa da mahaifiyarsa kisan gilla a wurin bikin aure. Wannan ma ya girgiza masu kallo, wasu har da kuka, amma galibinsu ba su ce rubutun ya lalace ba. Dalili kuwa shi ne, wanda ya waiwaya zai ga sawun abin tun daga nesa. A zango na farko an yi wa Walder Frey alkawarin Robb zai auri ƴarsa domin a bar rundunarsa ta ƙetare gada. A na biyu ya saɓa, ya auri wata. A na uku ya fille kan Rickard Karstark, mayaƙan gidan Karstark suka watse, sai ya koma neman taimakon mutumin da ya wulaƙanta. Kowane mataki shi ya haifi na gabansa, kuma an yi shekara uku ana gini. Darasin da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne: alamtawa tana nuna cewa abu zai iya faruwa, gina hali kuwa shi ke sa a yarda dole ya faru.

5.0 Almara Ma Tana da Doka

Wata amsa da aka riƙa ba masu ƙorafi ita ce, wanda ya yarda da dodo mai aman wuta me zai sa ya tsaya neman hankali a sauran labari? Wannan amsa ba ta da ƙarfi, kuma duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya san haka. Yara ba sa musu idan aka ce Gizo ya yi magana da sarki, ko ya ari fiffike wurin tsuntsaye. Amma a ce yau Gizo ya tsinci dukiya ya mayar wa mai ita haka kawai, ba da wata dabara a ransa ba, nan take za su ce ba haka take ba. Sun amince da abin al'ajabi ne bisa sharaɗin halin Gizo ya zauna yadda aka san shi.

Haka abin yake a wannan wasa. A zangunan farko nisa abu ne mai nauyi: tafiya daga arewa zuwa babban birni tana cin makonni, kuma a kan hanya ne taurari suke sanin juna. A kashi na shida na zango na bakwai kuwa, an kewaye Jon da abokansa a kan daskararren tafki, Gendry ya ruga zuwa Katanga, aka aika hankaka da saƙo zuwa Dragonstone a can kudu, Daenerys ta taso ta iso, duk kafin sanyi da yunwa su gama da su. Masu kallo da suka yi gunaguni a nan dokar labarin suke karewa. A wannan gaɓa ce rage yawan kashi da aka ambata a sama ya nuna illarsa. Shi kansa Martin ya sha faɗin cewa labarin zai iya kai zango goma ko fiye.

6.0 Jaime da Arya da Bran

Ƙorafi a kan Jaime ya rabu biyu. Komawarsa wurin Cersei har suka mutu tare ba aibi ba ne a rubutu, domin a rayuwa ma mutum yakan tuba ya koma ruwa, kuma hali zanen dutse ne. Inda aka yi tuntuɓe shi ne kalamin da aka sa a bakinsa cewa bai taɓa damuwa da mutanen birni ba, alhali a zango na uku ya shaida wa Brienne cewa ya kashe sarki Aerys ne don ya hana shi ƙone su, ya kuma ɗauki baƙin suna a kan haka. Ana iya cewa ƙarya yake yi wa kansa, amma wasan bai tsaya ya nuna hakan ba.

Game da Arya, wadda ta kashe Sarkin Dare maimakon Jon, ƙorafin ya fi kama da na wanda ya yi hasashe bai ci ba, tunda an daɗe ana horar da ita a kan kisan ɓoye. Abin da ya fi cancantar suka shi ne yadda barazanar da aka buɗe wasan da ita tun 2011 ta ƙare a dare guda. Shi kuwa Bran, an naɗa shi sarki bisa hujjar cewa labarinsa ya fi na kowa, alhali ko sau ɗaya bai fito ba a zango na biyar baki ɗaya.

7.0 Inda Masu Kallo Suka Wuce Gona da Iri

Adalci ya wajaba a nan. Wani ɓangare na fushin ƙauna ce da aka yi wa rauni. Kalmar Khaleesi, a harshen Dothraki da masanin harshe David J. Peterson ya gina domin wasan, laƙabi ce ta matar shugaba, amma ɗaruruwan iyaye a Amurka sun raɗa wa ƴaƴansu mata ita a matsayin suna. Wanda ya kai nan a son tauraruwa da wuya ya karɓi faɗuwarta, ko da an gina ta da kyau. Haka kuma masu kallo sun yi ta tafi duk lokacin da ta ƙone wanda suka tsana, domin kiɗa da ɗaukar hoto sun nuna abin a matsayin nasara. Da wutar ta juyo kan marasa laifi, sai aka tilasta musu duban abin da suka daɗe suna yi wa guɗa. Wannan jigo ne mai ƙarfi, wato haɗarin mai ceto da ya gamsu cewa shi kaɗai ya san alheri. Ɗalibin harshe zai lura da wata gwaninta ma a kashin ƙarshe: jawabin nasararta da harsunan Dothraki da Valyria ta yi shi, ga mayaƙan da ta zo da su, a tsakiyar birnin da mutanensa ba sa jin ko ɗaya daga ciki.

Neman a sake rubuta labari ma ba sabon abu ba ne. Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka yi ta matsa masa, ya dawo da shi a 1903. Sai dai mai kallo yana da haƙƙin ya ce an ɓata, ya kawo hujja, amma yawan sa hannu ba hujja ba ce. Zagin marubuta kuwa, da mantawa da wahalar ƴan wasa da ma'aikata, wanda Sophie Turner da ta fito a matsayin Sansa ta kira rashin mutuntawa, ba ya cikin nazari ko kaɗan.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa masu kallo sun yi gaskiya a kan zubi, wato gaggawa da tsallake matakan gina hali, amma da yawansu sun yi kuskure da suka ɗauka cewa makomar taurarin ita ce matsalar. Inda labarin ya sauka yana iya zama daidai. Hanyar ce aka yanke. Ana shawartar ɗalibi, duk lokacin da wani wuri a littafi ko wasa ya ɓata masa rai, ya tambayi kansa: abin da ya faru ne ban so ba, ko kuwa ba a gamsar da ni dalilin faruwarsa ba? Amsa ta biyu ce kaɗai ake iya rubuta takardar nazari a kanta.

Aikin Ɗalibi

1. Bambanta alamtawa da gina hali, tare da misali daga wani ƙagaggen labarin Hausa da ka karanta.

2. Zaɓi tatsuniya guda, ka fito da dokoki uku da mai ba da ita ba zai iya karyawa ba tare da masu sauraro sun yi gardama ba.